Dutsen da Maƙera Suka Ƙi Taɓawa

Jiya da hantsi ɗayanku ya miƙo mini wayarsa, wai in ga yadda wani mutum a ƙasar waje ya ƙera zobe kafin shayi ya huce. Na kalla har ƙarshe, na mayar masa da abarsa, na ce madalla. Sai ya ce ashe ƙirar azurfa ba wuya, a narka ne a zuba a goge. Na ci gaba da aikina. Amma tunda kun mai da bencin ƙofar shagona majalisarku, kuma tun safe nake ganinku kuna satar kallon jan dutsen da ke yatsana kuna zungurin juna, to ku matso. Ni ne Ummaru, nan Ƙofar Dundaye aka yanke mini cibiya, kuma ƙirar fari na tashi na tarar a gidanmu, wato azurfa da tagulla. Garma da lauje na maƙeran baƙi ne, kada ku kawo mini.

Ku fara da kallon kayan aikin. Waccan uwar maƙerar da kuke ɗora kofin shayi a kanta in na juya baya, ta Baffa Alu ce, ƙanen mahaifina, wanda ya koya mini sana'a. Shi ma gadonta ya yi. Ga 'yan gudumomi, kowace da aikinta, akwai ta shimfiɗawa, akwai ta lanƙwasawa, da 'yar ƙaramar da ba a ɗaga ta sama da tsawon yatsa. Ga awartaki na ɗauko kasko daga wuta, ga hantsaki, ga magagari iri-iri, ga ƙarfe mai hudoji da ake jan azurfa ta ciki har ta sirance kamar zare. Farin garin nan na cikin kwalba shi ne sinadari, da shi azurfa ke yarda ta kama 'yar'uwarta. Yanzu da iskar gas nake hura wuta, amma da zugazugin fatar akuya na fara, kuma na yi shekaru ina zuga kafin Baffa ya bar ni in taɓa guduma. Bayan zuga sai shara. Akwai fatar da ake shimfiɗawa a cinya in ana goge azurfa, duk garin da ya zuba a tattara shi a narka. Ranar da na tashi ban naɗe fatar ba iska ta kwashe garin, Baffa bai zage ni ba. Ya dai sa na tankaɗe ƙasar shagon duka da rariya.

Zoben farko da na gama da hannuna na wani maɗinkin manyan riguna ne. Na goge shi har ina ganin fuskata a ciki, na kai wa Baffa ina jiran yabo. Ko karɓa bai yi ba.

"Sa shi," in ji shi.

Na ce ai ba nawa ba ne, kuma mai shi yana tafe da la'asar.

"Shi dawo gobe. Kai da ido kad duba shi, shi kau da hwata za shi zama da shi. Sa shi ka wuni."

Na sa. Har azahar ban ji komai ba, ina ta yabon kaina a zuci. Da na yi alwala fatar yatsa ta jiƙa ta yi laushi, sai na ji wani ɗan kaifi daga ciki, daidai mahaɗi, yana cizo. Kafin la'asar ya shata mini jan layi, ya kuma ja zare daga hannun rigata. Ku tuna mai zoben maɗinki ne, cikin zaren alharini yake wuni. Tun daga ranar ƙa'idar shagon nan ta zauna mini: zoben namiji ba ya fita sai ya wuni a yatsan maƙeri, an yi aiki da shi, an yi alwala da shi, an sa hannu a aljihu an fitar. In ya yi mini yawa in naɗa zare, in ya yi kaɗan in sa a ƙaramin yatsa. Kayan mata kuwa, 'yan kunne da awarwaro, maiɗakina Hajo ke wuni da su. Shi ya sa matan unguwa ke tsokanarta, wai ta fi kowa ado kuma ba ta da ko ɗaya.

Masu kawo duwatsu su suka fi kowa labari. Alhaji zai dawo daga Makka da dutsen aƙiƙ a ƙulle a bakin hirami, wani ya kawo shuɗi, wani kore, wani kuma gindin kwalba aka yanka masa aka ce yaƙutu ne. Ba na gardama da baki. A leɓena nake ɗora abin. Dutse na gaske yana daɗewa da sanyinsa, gilashi kuwa nan da nan yake ɗaukar ɗumin jiki. In gilashi ne sai in ce, Alhaji, a yi masa gida na tagulla dai, ya fi dacewa da shi. Mai hankali ya gane. Kuma babu dutsen da ke zuwa ba tare da tarihi ba. Wannan yana tsai da haɓo, wancan maganin bakin mutane ne, wancan in ka sa shi kunama ba ta harbinka. Ina saurara ina aikina. Ni abin da na sani game da dutse shi ne taurinsa, da inda zai iya tsagewa, da cewa ba ya shiri da wuta.

Wannan na yatsana sunansa Garwashi, kuma a zamanin da nake ba ku labarinsa babu wanda bai san shi ba, daga kara, wato kasuwar shanu, har mayanka. Maƙwabcina Dikko mai turare, wancan da ke gyangyaɗi a ƙofar shagonsa, shi ya fi kowa iya tarihinsa. Ya ce wani Buzu madugun raƙuma ne ya tsince shi a yatsan gawa, bakin wata busasshiyar rijiya a hanyar Azbin. Ya zare ya sa, kafin ya kai gida raƙumansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar wa wani farke mai safarar goro, gulbi ya cinye jakunansa da kaya. Daga nan dutsen ya yi ta sauya hannu yana barin kuka a baya, har ya zo wurin Alhaji Mode, dillalin shanu na Runjin Sambo. Ni dai Buzaye abokan wasanmu ne mu maƙera, duk labarin da ya fara da Buzu raba shi biyu nake yi. Na kuma lura raƙuman suna ƙaruwa duk lokacin da Dikko ya maimaita. Amma na Alhaji Mode kowa ya gani da idonsa. Motar shanunsa ta kife a hanyar Kudu, cuta ta shiga sauran garken, shi kuma ya kwanta bai tashi ba.

Bayan an share makoki sai ga ɗansa Sahabi, saurayi mahauci mai teburin nama, ya yi sallama nan inda kuke zaune. Ya kwance wani tsumma. Zoben ne. Ƙafarsa, wato abin da ke zagaye yatsa, ta sirance don tsufa, ta karye wajen cire shi ranar wankan gawa.

"Baba Ummaru, na zagaya maƙeran garin ga dut," in ji shi. "Wani yac ce wutatai ta mutu, wani yac ce idonai na ciwo. Wani ko tsumman bai bari na kwance ba."

Na ce to dangi me suka ce.

"Sun ce in jehwa shi gulbi. Baba, shanu sun ƙare, gida an raba. Ina yaro, in za mu kara, da hannun ga mai zobe shika riƙe ni don kar shanu su take ni. In na dubi dutsen ga, hannunai nika gani. Ƙaƙa za ni jehwa hannun babana ruwa?"

Na karɓa na shafa shi da babban yatsa, na ɗora a leɓe. Sanyi ƙalau. Tsohon aƙiƙ ne, ja mai duhu, ban taɓa riƙe mai kyansa ba. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya fara ƙaiƙayin aikin tun kafin tausayin Sahabi ya gama kama ni. Na ce ya kawo yatsansa in gwada.

Aikin dutse da cire shi ake farawa, don in ya ji wuta zai tsage ko ya koɗe. Na sa siririyar wuƙa ina ɗaga bakin gurbin da yake zaune kaɗan-kaɗan har ya saki. Dikko ya leƙo ta kafaɗata yana karanto addu'a, yana jiran a ga laya ko wani ƙulli a ƙarƙashi. Abin da muka tarar dauɗar shekaru ce, busasshen sabulu da gashin shanu. Na wanke dutsen na ɗaga shi wajen rana, haske ya ratsa shi, cikinsa ya kama kamar an hura gawayi, a nan na gane inda sunan ya fito. Tsohuwar azurfar ban yar ba, na narka ta tare da sabuwa don abin da ya taɓa fatar uban ya taɓa ta ɗan. Na zuba, na buga, na mayar wuta ta yi laushi, na sake bugawa, don azurfa in ka matsa mata da guduma ba hutu sai ta yi fushi ta tsage. Na lanƙwasa ƙafar a jikin ƙarfen gwaji, na haɗa baki da sinadari, na yi gurbi daidai cikin dutsen, na bar bayansa a buɗe don ruwan alwala ya riƙa wucewa. Na dafa shi a ruwan alif da tsamiya ya fito fari tas. Sannan na zaunar da dutsen, in danna bakin gurbin ta nan, in koma ɗaya gefen, har ya kama ko'ina bai karkata ba. Wannan dannawar ce wayarku ba ta nuna muku, don mai kallo zai yi barci.

Da safe na buɗe shago na ɗauki zoben zan sa, Dikko ya riƙe mini hannu.

"Ummaru, kak ka sa shi. Gyara dai ka gyara, Allah shi ba ka lada. Wanga guda ka yi mai uzuri, wa za shi sani?"

Na ce Sahabi zai sani ranar da ya yanke shi. Kuma in na miƙa masa zoben da ni ban yarda in sa ba, ai na gaya masa ke nan maganar mutane gaskiya ce, ya je ya jefa hannun ubansa a ruwa. Na yi bisimilla na zura shi a hannun dama. Kafin hantsi labari ya zagaya, mutane suna wucewa suna leƙe kamar an kawo kura. Da azahar na yi alwala, ina goge hannu sai na ji gefe ɗaya na gurbin ya kama zaren rigata. Na cire na bi shi da magagari, na mayar. Na ce wa Dikko ga iyakar mugun abin da na samu a jikinsa.

Da la'asar na ɗora kasko zan narka azurfar wata mata. Bazara ce, irin zafin Sakkwato da ƙarfe ke ƙona hannu ko ba wuta. Na ɗago kaskon da awartaki a hagu, hannun dama yana ƙasa yana gyara zaman mazubi, sai ji na yi ƙas, gindin kaskon ya rabu. Narkakkiyar azurfa ta zubo ta bi bayan hannuna da manuni da yatsan tsakiya. Kasko na ƙasa ne, yana tsagewa, na taɓa ganin ya tsage a hannun Baffa ma. Amma ranar babu mai son jin wannan. Abin da aka gani shi ne azurfar ta tsaya dab da zoben, dutsen ko ƙwarzane babu.

Dikko ya kwara mini ruwan buta, jama'a suka taru, hannu ya fara kumbura. Kowa na cewa a cire zoben kafin ya shige cikin nama, kuma kowa hannunsa na baya. Wani ya hau babur ya ɗauko Sahabi daga teburinsa. Ya zo da jini a riga, ya durƙusa, ya shafa sabulu ya murza zoben a hankali har ya fita. Na ɗauka zai ƙulle shi a tsumma. Sai ya miƙe a gaban mutane ya zura a yatsansa.

"Baba, ya zauna daidai," in ji shi, hawaye na zubo masa. Shi ya tare mota ya kai ni asibiti.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Hannu ya yi watanni a naɗe, da aka kwance yatsun nan biyu suka ƙi miƙewa, ga su nan har yau. Amma ba ƙunar ce ta kusa tashina daga sana'a ba. Matar da azurfarta ta zube, daga Minanata take, awarwaron 'yarta za a yi. Na tsince azurfar daga ƙasa da hagu, na cika mata abin da ya ɓace. Da ta zo karɓa na miƙa mata, sai ta ja da baya.

"Aje ƙasa, Malam," in ji ta. "Ba don komi ba."

Na ajiye a ƙasa, ta sa gefen mayafi ta ɗauka. Matar nan ni na yi mata 'yan kunnen aurenta. Wallahi wannan ya yi mini ciwo fiye da wutar. Daga ita sai sauran. Wanda ya ba da aiki ya aiko a karɓa, wanda bai bayar ba ya sake hanya. Aka ce hannun da ya sa Garwashi, duk abin da ya ƙera da rabon masifa a ciki. A shekarar ce kuma zobban kanti suka cika gari, ana yawo da su a faranti, sai ƙyalli, kwana kaɗan su mai da yatsa kore. Sai in buɗe shago in share, in jera gudumomi, in zauna har magariba ba wanda ya yi sallama sai Dikko, shi ma daga bakin ƙofa.

Abin da ya riƙe gidana a lokacin, dangin Hajo ne da ke aiko gero daga ƙauye, sai Sahabi. Kullum kafin azahar sai ga ƙunshin nama, wata rana hanta, wata rana ƙashin miya. Na aika masa cewa ya daina, ai ba shi ya fasa kaskon ba. Ya aiko cewa ba ni yake ba, Inna Hajo yake ba, in ina da magana in yi da ita. Shi ma fa ba daɗi yake ji ba, don akwai masu tsallake teburinsa saboda zoben. Bai cire ba ko sau ɗaya.

Da damina ta wuce ba abin da ya sauya, sai na yanke shawarar sayar da kayan aiki in kafa teburin goro. Na fara da uwar maƙera don ita ce mai nauyi. Cikin maƙera ba mai so, don haka na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, irin masu yawo da amalanke da sikeli. Na tsaya ina kallo ya ɗaura mata igiya. Ƙarfen da Baffa ya ƙare rayuwarsa a gabansa za a kai a narka a yi rodi. Sai muryar Dikko daga shagonsa, da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"Kai mai amalanke! Ka san ko mi kaka ɗauka? Bisa wagga anka bugi Garwashi. Ni dai na hwaɗa maka, kak ka ce maƙwabta sun yi shiru."

Mutumin ya saki igiyar kamar ya taɓa maciji. Ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Baba, ko kyauta ba ni so," in ji shi. Igiyar ma bai tsaya kwancewa ba. Ga ta can a rataye, da ita nake ɗaure ƙofa.

Na fita na wanke Dikko tas. Na ce bakinka ya kore mini masu kawo aiki, yanzu ya kore mini mai sayen ƙarfe, so kake in ci guduma? Ya ci gaba da ɗura turare a kwalba. Sai da na juya ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Goro ba aikinka ba na." Har yau in na tambaye shi ko da gangan ya yi, sai ya ce ya manta.

Ban san wanda ya kai wa Sahabi labari ba, ko da yake ina da wanda nake zargi. Kwana kaɗan sai ga shi da buhu a kafaɗa, ya zazzage a gabana. Wuƙaƙen mahauta ne, manya da ƙanana, duk mariƙinsu ya tsage.

"Baba, zobban tagulla za ka yi musu a wuya, don su bar tsagewa."

Na ce wannan ai aikin maƙeran baƙi ne. Kuma abokan aikinka sun san hannun wa ka kawo wa?

"Sun sani. Na hwaɗa musu ko dai su ba da wuƙa, ko su bar cin abinci da ni, tunda da hannun ga mai zobe nika ci. Sunka ce mu da ka wuni cikin jini da ƙaho, ba dutse za shi ba mu tsoro ba."

Na haɗiye girman kaina na hura wuta. Zoben wuƙa aiki ne mai kauri, ba ya son dabara da yawa, kuma shi ne daidai da hannun da ya manta guduma. Na farko ya fito a karkace, na kwance na sake. Guduma tana suɓuce mini, sai na naɗa wa mariƙinta fata ya yi kauri yadda yatsun za su kama. Hantsaki na koma riƙe shi tsakanin babban yatsa da na zobe. A kan wuƙaƙen mahauta na sake koyon sana'ata, ga furfura ta fara fito mini. Da buhun ya ƙare wani ya zo. Wani dattijo cikinsu ya ce nasa na azurfa yake so, da ɗan zane. Daga nan wani ya kawo 'yan kunnen matarsa da suka karye, a ɓoye cikin hula. Na gyara, Hajo ta wuni da su kamar yadda aka saba. Aka yi wani suna a Runjin Sambo, matan mahauta suka fito da kayan da na yi, aka yi ta tambayar wa ya ƙera. Ba rana ɗaya mutane suka dawo ba, kuma ba duka suka dawo ba. Matar Minanata sai da za ta aurar da 'yarta ta biyu ta zo, ta miƙo mini azurfa hannu da hannu, muka gaisa kamar ba a yi komai ba. Na zauna na yi mata aiki mai kyau.

Sahabi kuwa rayuwa ya yi irin ta kowa. Ya yi aure, an haifa masa, ya binne ɗa guda, an taɓa yi masa sata, teburinsa ya zama rumfa, rumfa ta zama shago da firiji, ya je Makka ya dawo, duk da zoben a hannu. Da mutane suka ga ya yi ƙiba sai labari ya juya. Yanzu samarin 'yan kasuwa ke zuwa suna rage murya, wai in samo musu irin dutsen Alhaji Sahabi, mai jawo ciniki. Nakan ce musu dutse ba ya ba da komai, ba ya hana komai, Allah ke yi, ni gurbi kawai na iya. Su ce sun sani, a dai yi musu ja. Kwanaki na ji Dikko yana ba wasu baƙi tarihi, wai Buzun nan yana zare zoben daga yatsan gawa sai ruwa ya ɓulɓulo a rijiyar. Na ce Dikko, ina raƙuman? Ya ce sun sha sun ƙoshi.

Shekaranjiya ga Alhaji Sahabi a mota, ya fito da kyar, ya miƙo mini hannu. Yatsan ya cika ya rufe zoben, sabulu ya kasa, zare ya kasa. Na zaunar da shi a bencin nan, na zura siririn ƙarfe tsakanin fata da azurfa, na yanka ƙafar da ɗan zarto a hankali. Da ya fita sai ga farin layi a yatsan, wurin da rana ba ta gani ba tun ranar da na ƙone. Na ce to ga abin da Garwashi ya yi maka, ya hana ka ganin ƙafafunka. Ya yi dariya har da tari. Na ce ya bar mini shi in ƙara azurfa.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannuna, yatsun nan biyu.

"Baba, wanga karo kak ka sa shi. Ba don maganar mutane ba. Ni dai ba ni iya sake ganin..." Ya kau da kai.

Na ce, "Alhaji, hannun ga da kaka kallo, wuƙaƙenka sunka tashe shi. Naman da yar raya shi, naka na. In bai wuni da zobenka ba, da na wa za shi wuni?"

Ya sunkuyar da kai, ya shiga mota.

Na cire dutsen, na buɗa ƙafar, na mayar da shi gidansa jiya da yamma. Shi ne kuka gan shi a yatsana tun safe, da zare a naɗe don yanzu ya yi mini yawa. Na gode wa Allah da ya bar ni a gaban uwar maƙerar Baffa. Na gode wa mahautan garin nan, na gode wa Hajo da danginta, har Dikko da bakinsa na gode masa. Yau na hura wuta da zoben nan a hannu, na narka azurfa, na yi alwalar azahar. Ɗazu kuma da na sa hannu a aljihu zan ciro goro, na ji gefe ɗaya ya kama zare. Kai mai waya, ɗauke kofinka daga kan uwar maƙera, ka miƙo mini ƙaramin magagarin can. Alhaji na tafe da safe.